Kilishi Ko Kuka: Wace Tsaraba Ce Ke Tsallake Iyaka?

Duk wanda zai sauka a gidan wani a Landan ko Paris ko New York, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne kilishi. Ga daɗi, ga rashin nauyi, kuma ko wanda bai san ƙasar Hausa ba ya ji labarinsa. Sai dai a tafiyar Turai da Amurka, kilishi ne mafi rauni cikin tsarabar abinci. Tsarabar da ta dace ita ce wadda doka ta yarda ta shiga, ta jure hanya, ta kuma shiga tukunyar masu masauki ta daɗe ana morarta. Da wannan ma'auni, kayan miya sun fi nama.

Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyin da ya fito daga ƙasashe irin su Najeriya da Nijar shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su a cikin kayansa, komai ƙanƙantarsa. Birtaniya ma haka take. Wannan ya haɗa da kilishi da dambun nama da man shanu da cukun Azbin da tuwon madara. Amurka ba ta karɓar irin wannan nama daga ƙasashen da ake fama da ciwon baki da kofato na dabbobi, kuma ta wajabta wa matafiyi ya bayyana duk abincin da ke jakarsa. Wanda ya ɓoye, tararsa na iya kai wa dala 10,000. Tun 1984 ake amfani da karnuka masu sansano abinci a filayen jirgin saman ƙasar, don haka naɗe kilishi cikin zannuwa ba dabara ba ce.

Wani zai ce ai kilishi an shanya shi ya bushe ƙarau, an kuma gasa shi, wace cuta ce za ta tsira a ciki? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa hujja ba. Ƙwayar cutar baki da kofato na iya rayuwa a naman da aka busar ko aka barbaɗa wa gishiri, kuma jami'in da ke bakin ƙofa ba shi da hanyar sanin zafin da wutar mai kilishi ta kai. Tsoron hukumomin can ma yana da tushe. A 2001 cutar ta ɓarke a Birtaniya, daga wata gonar aladu a yankin Northumberland inda ake ba dabbobin ragowar abincin da ba a dafa yadda doka ta ce ba. Kafin a shawo kanta an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, asarar kuma ta kai kusan fam biliyan 8. Duk wanda ya taɓa ganin makiyayi tsaye a kan garkensa annoba na cinye shi zai fahimci abin da ya sa manoman can ba sa wasa da wannan lamari. Masu cewa wane da wane sun wuce da kilishi lafiya kuwa, sa'a suka yi, kuma ba mai gina mutuncinsa a kan sa'ar wani. Ranar da aka kama, nama ya tafi kwandon shara, mai masauki kuma yana waje yana jiran baƙon da aka tsare.

To me za a kai? Dokar da ta hana nama ta bar ƙofofi a buɗe. Tarayyar Turai da Birtaniya sun yarda da zuma har kilo 2, da busasshen kifi ko na banda har kilo 20. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyaye suna bukatar takardar shaidar lafiyar tsirrai kafin su shiga Tarayyar Turai, amma dabino na cikin 'yan kaɗan da aka yafe wa wannan sharaɗi. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da zoɓo galibi suna wucewa idan sun bushe sarai, ba ƙwaro ba ƙasa a ciki, an kuma bayyana su. A zuba su a leda mai nuna abin da ke ciki, a rubuta sunansu. Zuma kuwa a babbar jaka take tafiya, domin ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu a yawancin filayen jirgi.

Akwai masu ganin kuka da daddawa sun yi ƙanƙanta a matsayin tsarabar babban mutum. Wannan lissafin kasuwar gida ne. Matar da ta shekara goma a Manchester tana iya sayen nama kowace rana, amma daddawar kalwa mai kyau da kukar da aka shanya a inuwa ba ta rasa korenta ba, waɗannan sai an kawo. Kilishi a zama ɗaya yara za su cinye shi, kwano guda na kuka kuwa zai yi wata da watanni yana kawo ƙamshin gida cikin ɗakin girki. Idan mai masaukin ba Bahaushe ba ne, zoɓo da zuma da dabino sun fi sauƙin karɓuwa. A kuma faɗa masa idan akwai ƙuli-ƙuli a cikin yaji, domin akwai mutanen da gyaɗa kaɗan kan jefa su cikin mummunan hali har a kwashe su zuwa asibiti.

Ba Turai kaɗai ke da ƙa'ida ba. Goro, wanda da shi ake neman aure a nan, haramtacce ne shiga da shi Saudiyya, kuma hukumar alhazai ta NAHCON ta sha gargaɗin maniyyata a kansa. Saboda haka a duba dokar ƙasar da za a je kafin a shiga kasuwa. Ƙullin da wani ya kawo da sunan saƙon abinci a kai wa ɗan'uwansa kuwa, a kwance shi a gaban mai shi a ga abin da ke ciki, domin a filin jirgi mai jaka ne ke amsa tambaya.