Bayani: Yadda ƙaramar adafta ke ƙona risibar makirufo mara waya, da abin da ya kamata mai saye ya duba

A unguwanni irin su Rijiyar Lemo da ke Ƙaramar Hukumar Fagge, da wuya a yi taro ba tare da makirufo mara waya ba. Da shi ake gabatar da tafsiri a watan azumi, da shi ake saukar karatu a Islamiyya, kuma shi ne ke yawo daga hannu zuwa hannu a taron masu ruwa da tsaki na mazaɓa, inda matashi ke samun damar yi wa kansila tambaya. Sai dai makirufon da ke hannun mai magana rabin na'urar ne kawai. Ɗaya rabin shi ne akwatin da ke karɓar sautin ya miƙa wa lasifika, wanda masu sana'ar ke kira risiba, kuma risiba ba ta aiki sai da adaftar da ke ba ta wuta.

Wannan adafta ce ta fi komai saurin ɓacewa ko ƙonewa a cikin kayan sauti. Idan ta ɓace, abin da akasarin mutane ke yi shi ne su nufi Sabon Gari, su nemi duk wadda bakinta ya shiga ramin risibar. A nan ne ake yawan yin asara, domin kama da wane ba ta wane.

Me ya sa ba kowace adafta ke yi ba?

Wutar da ke fitowa daga soket a Najeriya bolt 230 ce, kuma irin mai kai-da-komo ce, wadda ake rubutawa AC. Risiba kuwa tana buƙatar wuta kaɗan mai tafiya hanya ɗaya, wato DC, yawanci tsakanin bolt 12 zuwa 18. Aikin adafta shi ne ta sauke waccan babbar wutar, ta daidaita ta.

Matsalar ita ce kamfanonin da ke ƙera kayan sauti ba su taɓa yin ittifaƙi a kan ma'auni ɗaya ba. Ko a cikin kamfani guda ana samun bambanci: Shure na Amurka yana da adafta mai lamba PS24 da ke ba da bolt 12, yana kuma da PS43 da ke ba da bolt 15, kowacce da risibar da aka ƙera ta dominta. A ɓangaren wayar salula an samu sauƙi, musamman bayan da dokar Tarayyar Turai ta wajabta caja iri ɗaya ta USB-C daga ranar 28 ga Disamba, 2024. Wannan doka ba ta shafi risibar makirufo ba, don haka nauyin tantancewa yana kan mai saye.

Abubuwa huɗu da dole su dace

Na farko shi ne ƙarfin wuta. A bayan kowace risiba, kusa da ramin adafta, ana rubuta abin da take buƙata, misali 12V. Dole adafta ta zo daidai da wannan lamba, ko ta faɗa cikin tazarar da aka rubuta. Idan ta gaza, risibar za ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Idan ta zarce da yawa, kamar a saka cajar kwamfutar tafi-da-gidanka mai bolt 19 a risiba mai bolt 12, kayan cikinta na iya ƙonewa nan take.

Na biyu shi ne yawan wutar da adafta ke iya bayarwa, wanda ake rubutawa da A ko mA. A nan ƙa'idar ta bambanta: adafta ta kai abin da risiba ke nema ko ta wuce shi. Risibar da ke neman 500mA za ta yi aiki lafiya da adafta mai 1A ko 2A, domin abin da take buƙata kawai za ta ja. Akasin haka ne ke da haɗari, domin adaftar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta za ta yi zafi har ta narke.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne fuskar wutar. Bakin adafta yana da sassa biyu, ramin tsakiya da ƙarfen da ya kewaye shi. Ɗaya ne ke ɗauke da alamar +, ɗayan kuma alamar −. Akwai ɗan zane a jikin adafta da jikin risiba da ke nuna wanne ne a tsakiya. Mafi yawan risibobi + ne a tsakiyarsu, amma adaftocin wasu kayan kiɗa, irin su na'urorin jita na kamfanin Boss, − ne a tsakiya. Bakinsu iri ɗaya ne, suna shiga ramin ba tare da gardama ba, kuma idan risibar ba ta da kariya a ciki, daƙiƙa ɗaya ta isa ta lalata ta.

Na huɗu shi ne girman bakin. Biyu ne suka fi yawa a kasuwa, kuma duka kaurinsu na waje milimita 5.5 ne, amma ramin ɗaya milimita 2.1 ne, ɗayan kuma 2.5. Ido ba ya iya raba su cikin sauƙi. Mai 2.1 ba zai shiga risiba mai 2.5 ba, amma mai 2.5 zai shiga mai 2.1 ya zauna sako-sako. Wannan ne sirrin risibar da ke mutuwa duk sanda wani ya taɓa tebur, har a riƙa zargin batir ko mai kula da sauti.

Tarkon kayan gwanjo

Kayan sauti masu yawa da ake amfani da su a Kano na hannu ne, da suka shigo ta kasuwanni irin su Alaba a Legas. Waɗanda aka ɗebo daga Amurka sukan zo da adaftarsu ta asali, amma wutar Amurka bolt 120 ce. Tsohuwar adafta mai nauyi da aka rubuta wa 120V kaɗai za ta ƙone da zarar an jona ta a soket ɗin Kano, ko da an samo mata kan da ya dace da soket ɗin. Wadda aka rubuta wa 100–240V ce ke aiki a ko'ina. Akwai kuma adaftocin da ke fitar da AC maimakon DC, waɗanda aka yi wa wasu tsofaffin na'urorin haɗa sauti, kuma ba su dace da risiba mai neman DC ba.

Yanayin wuta ma yana ƙara dagula lamarin. Tun bayan da KEDCO ya karɓi rarraba lantarki a Kano, Katsina da Jigawa a watan Nuwamban 2013, taruka ba su daina dogaro da janareta ba, kuma ƙaramin janareta yakan sa wuta ta yi sama ta yi ƙasa duk lokacin da aka kunna ko aka kashe babban kaya. Adafta mai inganci tana jure wannan. Ta jabu kuwa tana barin hayaniyar wutar ta ratsa zuwa lasifika, shi ya sa ake jin ƙugi a ƙarƙashin muryar mai magana.

Idan rubutun jikin adafta ƙarya ne fa?

Duk ƙa'idojin da aka lissafa sun dogara ne ga gaskiyar abin da aka rubuta a jikin adafta, kuma a nan ne batun ya tashi daga fasaha ya koma na hukuma. Adaftar da aka buga wa 2A alhali ba ta iya ba da rabin haka ba asarar kuɗi kawai take jawowa ba, tana iya tayar da gobara a ɗakin ajiyar masallaci ko a shago. Kano ta san illar gobara a wurin da kaya suka cunkushe: a watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ce doka ta ɗora wa alhakin tantance irin waɗannan kaya, kuma tun 2005 take da tsarin SONCAP, wanda ya tanadi a gwada kayan lantarki kafin a shigo da su. Amma a 2011 gwamnatin tarayya ta cire jami'an hukumar daga tashoshin jiragen ruwa domin rage cunkoson hukumomi, sai a 2022 aka sanar da komawarsu. Kwantenar da ta riga ta wuce tasha ta watsu a kasuwanni kuwa, bin sawunta shago-shago aiki ne mai wuya.

Mai saye ma yana da haƙƙi. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba shi damar mayar da kayan da ke da aibi ko waɗanda ba su dace da bayanin da aka yi musu ba. Sai dai wannan haƙƙi yana da wuyar nema ga wanda bai karɓi rasit ba.

Abin da ya dace a yi

Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin kayan sauti ya yi tashin da ya sa ƙonewar risiba ɗaya ke iya zama gudunmawar wata da watanni ga ƙaramin masallaci ko ƙungiyar matasa. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki risibar da makirufonta a tafi da su kasuwa, a gwada adaftar a gaban mai shago, a kuma nemi mai gyara ya auna ta da mita domin tabbatar da ƙarfin wutar da fuskarta kafin a jona. A bar ta tana aiki na wasu mintuna, a taɓa a ji ko ta ɗauki zafi, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago.

Bayan an dawo gida, a manna takarda a jikin adaftar a rubuta sunan risibar da take yi wa aiki. Yawancin ɓarnar tana faruwa ne a lokacin da ake gaggawar haɗa kaya, jama'a sun cika wuri, wani ya zura hannu cikin jaka ya zaro adaftar da ta fara zuwa hannunsa.