Sarƙar jabu, bashin gaske: Tarkon da Maupassant ya ɗana a labarin La Parure

A ranar 17 ga Fabrairun 1884 jaridar Le Gaulois ta birnin Faris ta buga wani gajeren labari na Guy de Maupassant mai suna La Parure, wato kayan ado. Bai wuce 'yan shafuka ba, amma har yau ana karantar da shi a makarantu, galibi saboda yadda ya ƙare.

Tauraruwar labarin, Mathilde Loisel, kyakkyawa ce da ke ganin don jin daɗi aka haife ta, sai ta ɓige da auren ƙaramin akawu a Ma'aikatar Ilimi. Da aka gayyace su liyafar minista, mijin ya ba ta faran 400 da yake tarawa don sayen bindigar farauta, ta yi sabuwar riga. Sannan ta ari sarƙar lu'ulu'u wajen ƙawarta mai hali, Madam Forestier. A daren sarƙar ta ɓace. Maimakon su faɗi gaskiya, sai suka sayi irinta a kan faran 36,000. Rabin kuɗin gadon mijin ne daga mahaifinsa, sauran kuwa bashi ne, har da na masu ba da kuɗi da ruwa. Shekara goma suka yi suna biya, kafin ƙawar ta shaida wa Mathilde cewa sarƙar da ta ara mata jabu ce, darajarta ba ta wuce faran 500 ba.

Da yawa kan ɗauki wannan ƙarshe a matsayin dabarar ba-zata kawai. Wanda ya sake karantawa a tsanake zai ga cewa marubucin ya baza shaidu tun da wuri. Madam Forestier ta ba da aron ba tare da ɗar ba. Mai shagon da sunansa ke jikin akwatin sarƙar ya duba littafinsa ya ce akwatin kaɗai ya sayar. Da aka mayar da sarƙar, mai ita ko buɗe akwatin ba ta yi ba. Abin da ya sa mai karatu ke tsallake waɗannan alamu shi ne mai ba da labarin ya sa shi kallon komai da idon Mathilde, wadda ta wuce wasu kayan adon ta zaɓi wanda ya fi ƙyalli.

Batun jigo ne ya fi jawo gardama. An saba cewa gargaɗi ne kan kwaɗayi da raina abin hannu, amma wannan fassara ta yi wa labarin kaɗan. Mathilde ba ta gudu daga bashin ba. Ta sallami 'yar aiki, ta koma ƙaramin ɗaki, tana wanki da ɗibar ruwa da kanta har ta tsufa kafin lokacinta. Mijin kuma, da ake yawan yi wa kallon bawan Allah, shi ne ya tsara mata wasiƙar ƙarya cewa maɗaurin sarƙar ya karye ana gyara. Abin da ya ci su shi ne kunyar talaka a gaban mai kuɗi, da zaton cewa mai hali ba ya sa jabu.

Maupassant ya san wannan rayuwa ciki da bai, domin shi kansa ya yi aikin akawu a Ma'aikatar Sojan Ruwa, daga baya a ta Ilimi. Wajen ubangidansa Gustave Flaubert ya koyi tsantseni wajen zaɓen kalma, shi ya sa wahalar shekara goma ta shige cikin 'yan sakin layi, alƙaluma na yin aikin da dogon bayani zai yi. Ma'auratan sun biya ninki 72 na kuɗin abin da suka ɓatar. A kan faran 500 ɗin nan labarin ya tsaya cak, bai ce ko Madam Forestier ta mayar musu da sarƙar gasken da ke hannunta ba.