Kulɓar Tsibiran Solomon

Kulɓar Tsibiran Solomon, wadda masana kimiyya ke kira Corucia zebrata, ita ce mafi girma a cikin kulɓoɓin da ke raye a duniya. Tsawonta daga kai zuwa ƙarshen wutsiya yakan kai kimanin santimita 80. Ba a samunta a daji ko'ina sai a jerin tsibiran Solomon da ke kudu maso yammacin tekun Pasifik.

Rabe-rabe

Tana cikin dangin Scincidae, wato dangin kulɓa. Masanin dabbobi ɗan Ingila, John Edward Gray, shi ne ya fara siffanta ta a shekarar 1855. Ita kaɗai ce a cikin jinsin Corucia, kuma 'yan uwanta na kusa su ne kulɓoɓin Tiliqua masu shuɗin harshe da kulɓoɓin Egernia na Ostareliya. An ba ta sunan zebrata ne saboda ratsin jikinta mai kama da na jakin dawa.

An kasa ta gida biyu. Na farko shi ne Corucia zebrata zebrata. Na biyu shi ne Corucia zebrata alfredschmidti, wanda Gunther Köhler ya siffanta a shekarar 1997. 

Inda ake samunta

Ana samun kashi na farko a tsibirai irin su Guadalcanal, Malaita, Choiseul, Santa Isabel, New Georgia da Makira. Na biyun kuwa yana arewa, a tsibiran Bougainville da Buka. Waɗannan biyun suna cikin jerin tsibiran Solomon ta fuskar labarin ƙasa, amma a siyasance suna ƙarƙashin ƙasar Papua New Guinea.

Rayuwa

A kan manyan bishiyoyin kurmi take zama, tana riƙe reshe da wutsiyarta. Da dare take fita kiwo, kuma abincinta ganye ne da furanni da 'ya'yan itatuwa. Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi, yawanci ɗa guda bayan cikin wata 6 zuwa 8.

Barazana

Sare dazuzzuka yana raba ta da mazauninta, ga kuma farautar ta don nama da kama ta ana sayar wa masu kiwo a ƙasashen waje. Tun da ba ta haihuwa da yawa, adadinta ba ya saurin farfaɗowa. A shekarar 1992 aka sanya ta a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe.