Ina Buhu 40 Suka Shiga?

Wani ɗan kwangila yana gina wa wani Alhaji gida a bayan garin Kano. Ya biya kuɗin manhajar kula da aikin gini mai tsada, amma da aka zo lissafin ƙarshen wata sai aka nemi buhun siminti 40 aka rasa. Rasit ya nuna an saye su an sauke. Manhaja ta ce suna cikin sito. Sito kuwa wayam.

Mai gadi aka fara zargi, kamar yadda aka saba yi wa talaka. Bai yi musu ba, ya ja su bayan sito ya nuna musu fankon buhunan da yake tarawa. Aka ƙirga, adadinsu ya yi daidai da abin da aka saya. Ɓarawo ba ya juye siminti ya bar buhu, ke nan simintin cikin ginin ya shiga.

Sai ido ya koma kan birkila, ko yana cika siminti a kwaɓi. Aka tsaya a kansa, kwaɓinsa daidai. A nan ne injiniya ya ɗauko tef ya bi bango yana gwadawa da zanen da ke cikin manhaja. Falo ya fi na zane faɗi, ga kuma wani ɗakin ajiya a jikin kicin wanda zanen bai san da zamansa ba.

"Malam, wa ya ce a yi wannan?"

"Ranka ya daɗe, Alhaji ne da kansa, ranar da ya zo da Hajiya."

Birkila ya ciro waya ya kunna saƙon murya na WhatsApp. Ga muryar mai gida tana cewa a rushe bango a matsar da shi, a ƙara ɗaki.

Saura tambaya ɗaya: me ya hana mai kula da wurin shigar da canjin a manhaja? Amsarsa ita ce ta fi ci mini rai. Babu sabis a filin, manhajar kuma ba ta buɗewa sai da intanet. Yakan rubuta a littafi da niyyar shigarwa in ya koma gida, gajiya ta hana. Babu wanda ya saci komai, amma an yi ƙarin aiki ba tare da an rubuta wa mai gida kuɗinsa ba, asarar ta faɗa kan ɗan kwangila.

Don haka duk mai zaɓen manhaja ya fara sanin wa aka yi wa ita. Misali, Procore, wanda aka kafa a Kalifoniya a 2002, yana yanka farashi gwargwadon yawan kwangilar da kamfani ke yi a shekara, ya fi dacewa da manyan kamfanoni. Buildertrend na Omaha a jihar Nebraska, wanda ya sayi CoConstruct a 2021, na masu gina gidaje da gyaransu ne, kuma yana ba mai gida damar sa hannu a kan duk wani canji da kuɗinsa kafin a taɓa bulo. Fieldwire, wanda Hilti ya saya a 2021, yana buɗe zane a waya ko babu sabis, ya tura bayanan idan sabis ya dawo. Da dala ake biyan irin waɗannan, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Kafin ka biya ko kobo, kai manhajar filin aiki, ka kashe data, ka miƙa wa mai kula da leburori wayar. Ka ce ya shigar da buhu 10 da suka fita daga sito, da canjin bango ɗaya tare da hotonsa. In ya kasa, kada ka saye ta.