AMSOSHIN WASIƘUNKU: Kai Iyali Hutu Tsibirin Teku, Me Ya Kamata Magidanci Ya Duba?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji, manomi kuma ɗan kasuwa a ƙaramar hukumar Dutsi ta Jihar Katsina. Ya roƙa kada a ambaci sunansa, mun kuwa amince. Ya ce yana harkar riɗi da wake, yana cin kasuwar Shargalle da ta Mai'aduwa, kuma bana Allah Ya buɗa masa. Ya riga ya sauke farali shi da matansa biyu, yanzu yana so ya kai su, tare da yara bakwai, su ga duniya. Wani mai shirya tafiye-tafiye ya nuna masa hotuna a waya na wasu otal-otal na alfarma a tsibiran Zanzibar da Maldives, ya ce ya kawo rabin kuɗi kafin ƙarshen wata. In zai cika kuɗin kuwa, sai ya sayar da shanun huɗa biyu. Tambayarsa ita ce: wane irin wuri ne wannan, ya dace da iyali, kuma yaya ake zaɓe?

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya ƙara buɗi. Kai iyali su huta abu ne mai kyau, ba almubazzaranci ba ne in da hali. Amma bari mu fara da sanin wuraren tukuna.

Zanzibar wani yanki ne na ƙasar Tanzaniya a gabashin Afirka. Manyan tsibiransa biyu ne, Unguja da Pemba. A 1964 ne ya haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Kusan duk mutanen wurin Musulmi ne, harshensu Suwahili, kuma sun yi suna wajen noman kanumfari. Daga Darussalam jirgin ruwa kan kai mutum cikin kimanin awa biyu. Maldives kuwa ƙasa ce mai zaman kanta a tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya. Tsibiranta sun kusa 1,200, amma kimanin 200 ne kawai mutane ke zaune a cikinsu. Ita ma ƙasar Musulmi ce, babban birninta Male. An buɗe otal ɗin baƙi na farko a can a 1972. Tsarinsu shi ne tsibiri ɗaya otal ɗaya. Wato in ka sauka, babu kasuwa, babu gari, babu mai shayi a bakin hanya. Duk abin da za ku ci ko ku sha, a hannun mai otal za ka saya, a kan farashin da ya yanka.

Abu na farko da za ka duba shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin da aka rubuta a jikin hoto ba. Kuɗin irin wannan tafiya galibi da dalar Amurka ake lissafa shi. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ka sa mai shirya tafiyar ya rubuta maka komai dalla-dalla a takarda: kuɗin jirgi na mutum goma zuwa da dawowa, kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, haraji, biza, da kuɗin ɗaukar ku daga filin jirgi zuwa masauki. Wannan na ƙarshe shi ne ake yawan ɓoyewa. A Maldives, daga filin jirgi sai an sake shiga kwalekwale mai inji ko ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa, kowane kai da kuɗinsa. Shi wannan ƙaramin jirgi kuma ba ya tashi da dare, don haka in kun iso da yamma sai kun kwana a wani masaukin, wani kuɗin ke nan. A Zanzibar kuma, tun watan Oktoba na 2024 gwamnati ta wajabta wa baƙo ya sayi inshorarta ta dala 44. Kai da matanka biyu kaɗai dala 132 ke nan, wato kusan naira 200,000 a lissafin canjin da muka ambata, alhali ko ruwa ba ku sha ba tukuna.

Game da abinci, tsari uku aka fi yi. Akwai ɗaki da karin kumallo kawai. Akwai ɗaki da karin kumallo da abincin dare. Akwai kuma wanda aka haɗa komai, safe da rana da dare har da lemo. Mai yara bakwai, wannan na uku ya fi masa kwanciyar hankali, don yaro ba ya tambayar farashi kafin ya ji yunwa. Amma ka sani, yawancin irin wannan tsari an lissafa kuɗin giya a ciki. Kai da ba ka sha, ka nemi wanda babu ita, ya fi sauƙi.

Na biyu, ɗaki. A nan gida in an yi baƙi sai a shimfiɗa tabarmi kowa ya sami wuri. Can ba haka ba ne. Galibi ɗaki ɗaya manya biyu ne da yaro ɗaya ko biyu, ba a yarda a wuce haka. Ku goma, aƙalla ɗaki uku ko huɗu kuke bukata. Ka tambaya ko suna da ɗakuna masu ƙofa a tsakani, ko kuma gida guda mai ɗakuna da falo. Sa'an nan ka kula ɗakin uwargida da na amarya su zama iri ɗaya. In ɗaya yana kallon teku ɗaya yana kallon bayan madafa, to hutu ya ƙare tun ranar farko, kuma maganar za ta biyo ka har Dutsi. Wani abin kuma, akwai otal-otal da ba su karɓar yara sam, na ma'aurata ne kawai. Ka tabbata an rubuta maka shekarun kowane yaro a takardar kama ɗaki, kuma otal ɗin ya amince.

Na uku, ruwa. Wannan shi ne ya fi kuɗin ma muhimmanci. Waɗancan ɗakunan da ka gani a hoto an kafa su a kan ginshiƙai cikin teku, da tsani mai sauka cikin ruwa, ba na mai ƙananan yara ba ne. Masu otal da yawa ma ba su yarda a sa yara a ciki. Ka zaɓi ɗakin da ke kan tudu. Yaron da ya saba wanka a gulbi ko a bakin dam ɗin Daberam bai san teku ba. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma akwai igiyar da ke jan mutum ta ƙasa ko da sama ta yi lif. A gabashin Unguja, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye da nisa ƙwarai, yaro ya bi yashi yana tsintar ƙwarya, kafin ya ankara ruwa ya dawo. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta kai haka ba. Ka tambaya: akwai mai gadin ruwa? Akwai kududdufin wanka na yara marar zurfi? Akwai rigar da ke hana nutsewa daidai jikin yaro? In kuma za a shiga kwalekwale, kowa ya sa wannan riga, babba da yaro, ba kunya a ciki.

Na huɗu, addini da tarbiyya. Kada jin cewa ƙasar Musulmi ce ya sa ka saki jiki. A Maldives an hana giya a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, amma an halatta ta a tsibiran otal. Baƙin wurin yawancinsu daga Turai da Asiya suke, kuma shigar da suke yi a bakin ruwa ba irin wadda ka saba iyalinka su gani ba ce. Ka yi wannan tunani tun kana gida. In ka ga ba za ka iya ba, akwai mafita. Tun 2009 Maldives ta yarda a buɗe ƙananan masaukai a garuruwan 'yan ƙasa, inda akwai masallaci, babu giya, kuma kuɗinsu bai kai na otal ɗin alfarma ba. A Zanzibar ma za ka iya sauka cikin tsohon gari, inda za ka ji kiran salla ka bi jam'i, ku fita bakin ruwa da rana ku dawo. Ko'ina ka zaɓa, ka tambaya a rubuce ko naman halal ne, ko za a kwashe giyar da ke cikin firjin ɗaki kafin ku iso, ko kuma akwai lokaci ko wurin da mata za su shiga ruwa su kaɗai.

Na biyar, lafiya. Tsibiri ba kamar Dutsi ba ne da za ka ɗauki yaro a mota zuwa Daura ko Katsina cikin dare. Ka tambaya ko akwai likita a otal ɗin dare da rana, da kuma tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a kai babban asibiti. Kowannenku yana bukatar katin rigakafin shawara, wanda ake kira katin ruwan ɗorawa, don Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake neman sa daga matafiyansu. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tafi da maganinsa isasshe. In akwai mai tsohon ciki ko jariri sabon haihuwa, a jinkirta.

Na shida, lokaci. Hoton da aka nuna maka an ɗauke shi ne ranar da gari ya waye garau. Zanzibar tana da babbar damina daga Maris zuwa Mayu, da ƙarama wajen Nuwamba. A Maldives rani yana kamawa daga Disamba zuwa Afrilu. In ka ji farashi ya faɗi warwas, duba wata, wataƙila damina ce, za ku biya kuɗi ku zauna ɗaki kuna kallon ruwan sama. Ƙarshen Disamba kuwa, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, shi ne mafi tsada. Ga manomi, Janairu ko Fabrairu sun fi, an gama kaka, ba a fara sharar gona ba. Sai dai ka duba kalandar makarantar yara da kuma watan azumi.

Na bakwai, takardu da shi kansa mai shirya tafiyar. Kowane yaro, har na goye, sai da fasfo nasa, kuma ba a yin fasfo sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Ɗan Nijeriya mai zuwa Tanzaniya sai ya nemi biza ya same ta tun kafin ya tashi, kuma tana ɗaukar lokaci. Saboda haka kada ka biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Shi kuma wanda ya ce ka kawo rabin kuɗi kafin ƙarshen wata, ba mu ce macuci ba ne, amma gaggawa ba alama ce mai kyau ba. Ka je ofishinsa da ƙafarka, ka ga takardar rajistarsa, ka nemi wani da ya taɓa kaiwa ya dawo. Ka biya ta banki, cikin asusun kamfani, a ba ka rasit. Bayan haka ka sa wani ɗanka ko ƙanenka mai jin Turanci ya tuntuɓi otal ɗin kai tsaye, ya ji ko da gaske an kama ɗaki da sunanka. Ka san yadda kake zura hannu cikin buhun riɗi har ƙasa kafin ka biya, to haka nan.

Yanzu sai maganar shanun huɗa. Alhaji, a nan ba za mu yi maka kara ba. Hutu da riba ake yin sa, ba da uwar kuɗi ba. Shanun nan su ne za su yi maka huɗa in ruwa ya sauka, ga taki da iri da kuɗin makaranta suna jira. Kwana bakwai a tsibiri za su wuce, damina kuwa ba ta jiran kowa. In har sai ka taɓa shanu ko jarin kasuwa tafiyar za ta yiwu, to bana ba shekararta ba ce. Daidai ruwa daidai tsaki.

Amma wannan ba ya nufin iyali su zauna gida. Ga Yankari a Jihar Bauchi, nisanta daga garin Bauchi ya ɗan haura kilomita 100. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, kuma tun 2006 yana hannun gwamnatin jihar. Akwai ɗakunan kwana, akwai giwaye da gwanki da sauran namun daji, akwai kuma ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina. Rani ne lokacin ganin dabbobi, don suna taruwa bakin kogin Gaji. Da naira za ka biya, da Hausa za ka yi ciniki, ba fasfo ba biza. Sai dai ku rufe ƙofa da taga, birai na wurin ɓarayin abinci ne, kuma ka bincika halin hanya kafin ku tashi, ku yi tafiyar da rana. In ma hakan ya yi nisa, ga gidan namun daji na Audu Bako a Kano, ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga rijiyar Kusugu nan kusa da kai a Daura. Tambayi yaran nan bakwai, nawa ne cikinsu suka taɓa leƙa ta?

Shawararmu ita ce, ka fara da na kusa bana. Za ka ga yadda yara ke yi da ruwa, ka san abin da mutum goma ke ci a hanya, ka gane wanda mota ke sa wa amai. In Allah Ya kai mu baɗi, riba ta ƙaru, fasfo sun fito, sai ka ɗauko waɗannan tambayoyi bakwai ka ajiye gaban mai shirya tafiya. Wanda ya amsa su duka a rubuce, shi ne abokin ciniki.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye hanya. Masu tambaya a ci gaba da aiko wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah Ya yarda. Wassalam.