Ƙaura daga Yamai zuwa Damagaram: jan rimok ba wuya, tsayar da ita ne aiki

Kowace shekara, in hutun ƴan lakwal ya doshi ƙarewa, takardun canjin wurin aiki kan fito daga ofisoshin ministoci. Malamin da ya shekara goma a Yamai sai ya ji an tura shi Damagaram, ma'aikacin asibitin Tawa kuma a mai da shi Maraɗi. Kafin a buɗe makarantu, dole kowa ya kwashi iyali da komatsai ya isa inda aka tura shi. Haka ma ɗan kasuwar da ya ƙudura mai da shagonsa wani gari. Hayar babbar kamyo tana da tsada, kayan gida kuwa sun fi ƙarfin bayan bashe guda. Shi ya sa wasu ke neman bashe, Toyota Hilux ko tsohuwar Peugeot 504, su ɗaura mata rimok, wato ƙaramar tirela mai ƙafa biyu, su kama hanya.

Dabarar tana rage kashe kuɗi, amma hanyar doguwa ce. Daga Yamai zuwa Damagaram, a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, kusan kilomita 900 ne, ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa. Tambayar da mai ƙaura kan yi ma direba ita ce ko inji zai iya ja. Inji kusan kullum yana iyawa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko birki zai iya tsayar da mota da rimok tare, ranar da jaki ya faɗo tsakiyar kwalta.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da maƙeranta suka yanke mata, a rubuce jikin wani ɗan faranti kusa da ƙofa ko cikin inji. A takardun Faransanci ana kiran nauyin mota da kayanta PTAC, nauyin mota da rimok a haɗe kuma PTRA. A dokar ƙasashen Turai, inda akasarin motocin hannu ke fitowa, rimok da ba ta da birkin kanta ba ta wuce kilo 750, har da nauyin jikinta. Sabbin samfurin Hilux suna iya jan har kilo 3.500, amma da sharaɗin rimok ɗin tana da birki. Mafi yawan waɗanda masu walda ke ƙerawa a garuruwan ƙasar nan, da ƙafafun tsohuwar mota, ba su da shi.

Kilo 750 ba ya wuyar cika. A ɗauki misali: rimok ita kaɗai kilo 300, buhu biyu na hatsi kilo 200, gado da katifu 150, akwatunan littattafai 120, kabad 100, babur 100, firji 70, tukwane da kwanoni 60. An kai kilo 1.100 ke nan, alhali a ido kayan ba su taka kara sun karya ba. Duk wannan nauyi birkin bashe ne kaɗai zai tare shi, bayan na kayan da ke cikinta. Ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 a shekarar 2005 don auna lodin manyan motoci, amma ba don ƙaramar rimok aka yi ta ba. Awon wannan ya rage ga mai kaya. Ɗan kasuwar da ke da sikelin auna buhu yana da abin aikin a shagonsa, ma'aikaci kuma yana iya ara.

Bayan yawan nauyi, sai wurin da aka aza shi. Ƙa'idar ita ce kusan kashi 60 cikin 100 na kaya su kasance gaban ƙafafun rimok, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Wuyan rimok, wanda ke hawa ƙugiyar mota, dole ya danna ta da wani nauyi: a Turai ana ba da shawarar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin rimok, a Amurka kuwa 10 zuwa 15. Ga rimok mai kilo 700, kilo 35 zuwa 49 ke nan a lissafin Turai, 70 zuwa 105 a na Amurka, kuma ana iya auna shi ta ɗora wuyan bisa sikeli daidai tsayin ƙugiya. In mutum ya ɗaga wuyan da hannu ɗaya ba tare da nishi ba, lodin ya koma baya, a sauke a sake. In kuma nauyin ya yi yawa a gaba, bayan mota ya durƙusa, ƙafafun gaba su yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana.

Lodin da ya rinjaya baya shi ke kawo abin da direbobi suka fi tsoro, wato rimok ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama. Ba ta yin haka a cikin gari. Sai an fita fili, gudu ya ƙaru, sannan wani abu kaɗan ya tayar da ita: rami, karyayyen bakin kwalta, ko iskar babbar mota. A wannan hanya manyan motoci ba su yankewa, daga masu ɗaukar albasar Galmi har tankokin mai da ke fitowa daga matatar Damagaram tun da aka buɗe ta a 2011. In kaɗawar ta soma, taka birki da ƙarfi ko murɗa sitiyari don gyara ta ƙara dagula lamarin suke yi. Direba ya riƙe sitiyari sosai ya miƙe, ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, har gudu ya ragu da kansa. Daga nan ya faka, a gyara lodi kafin a ci gaba.

Gudu shi ne abin da ke hannun direba kacokan. Tazarar da birki ke buƙata ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ta fi shi saurin ƙaruwa: motar da ke kilomita 100 a awa tana buƙatar kusan ninki biyu na filin da mai kilomita 70 ke buƙata kafin ta tsaya. Mai rimok da ya tsaya a 70 zai raba tafiyar kwana biyu, ya kwana a Ƙonni, wajen kilomita 420 daga Yamai, ya ƙarasa kashegari da rana. Kuɗin masauki na dare guda bai kai kuɗin firji guda ba. Tafiyar dare kuwa a bar ta, domin amalanke ba ta da fitila, haka ma garken shanu.

Hanyar tana da wuraren da ke son natsuwa. A yankin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa kan tsallaka kwalta. Wajen Birnin Gaure hanya tana gangarawa kwarin Dallol Boso, tsakanin Ƙonni da Madawa kuma akwai hawa da sauka. A gangare rimok tura mota take yi. A nan ana sauko da giya tun daga sama, inji ya riƙe motar, don birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Ƙaurar ma'aikata kuma takan faɗo cikin damina, lokacin da koramu ke kwararowa bisa hanya. Ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya jan rimok gefe, ita kuma ta ja motar. Jira ya fi.

Sauran abin da ke yanke ma mutane tafiya ƙanana ne. Rimok ɗin aro takan shekara a ajiye cikin rana, tayoyinta su tsattsage ko da zanensu bai cinye ba. Lambobi huɗu a gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma masu ƙera taya ba su yarda a wuce shekara 10 da ita ba. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a sa ma boris ɗin ƙafafu giris, a tafi da tayar canji ta rimok daban da ta mota. Ƙugiya a jikin shasi ake ɗaure ta, ba a jikin bamba ba, kuma a ƙara sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuya, don su tallabe shi in ya kwance. Wutar birki da sigina su kama a bayan rimok. Bayan kilomita 50 na farko a tsaya a ƙara ɗaure igiyoyi da notoci, a kai hannu kusa da cibiyar ƙafa: in tana ƙuna, boris ya fara ci. Takardun mota, lasin da inshora su kasance a hannu don shingen jandarmomi, kuma a tambayi kamfanin inshora tun kafin tashi ko yarjejeniyar ta haɗa da rimok.

Abu na ƙarshe ya fi duka. Saboda gaban bashe ba ya ɗaukar mutane da yawa, akan aza yara bisa katifu a baya, wani lokaci ma wani saurayi ya hau rimok wai don ya tsare kaya. In rimok ta kife, wanda ke sama shi ke fara isa ƙasa. Motocin bas na kamfanonin sufuri suna tashi kullum daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram. Maigida ya yanka ma uwargida da yara tikiti, shi ya bi kaya da direba. Gado da kabad in sun karye kafinta na nan. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Allah ya kai kowa wurin aikinsa lafiya.