Sana'ar Yi Wa Motar Gado Kuɗi

Idan magidanci ya rasu aka zo rabon gado, kuɗi da hatsi ba sa ba malamai wahala, domin ƙirgawa ake yi a auna. Gona ma ana ja mata igiya a tsaga. Amma akwai dukiyar da ba ta tsaguwa, kuma a gidajen manoma da 'yan kasuwa da direbobi a ƙasar Hausa, wadda aka fi cin karo da ita ita ce tsohuwar akori-kura da ke fake a ƙofar gida. Ba za a ba wannan inji a ba wancan tayoyi ba. Dole sai an yi mata kuɗi, sannan a raba kuɗin. A nan ne ake aikawa a kira wani mutum wanda ba malami ba ne, ba kuma alƙali ba, amma rabo ba ya tafiya sai an ji ta bakinsa: dillalin mota mai ƙiyasi.

Babu makarantar da ake koyar da wannan sana'a. Yawancin masu yin ta daga gareji suka taso, sun yi shekaru suna miƙa wa maigidansu sifana suna kwanciya a ƙarƙashin mota. Wasu tsofaffin direbobi ne da suka sha hanyoyin kasuwannin ƙauye. Wasu kuma yaran dillalai ne da suka fara da wankin motoci a wurin sayarwa, suna kasa kunne idan ana ciniki, har suka san abin da ke ɗaga mota da abin da ke karya ta. Wanda ya cika gwani shi ne ya haɗa kunnen bakanike da idon mai gyaran jikin mota da sanin kasuwar yau. Idan ɗaya ya yi masa ƙaranci, mai gaskiya ba ya jin kunyar zuwa da wanda ya fi shi sani.

Motocin da ake kiransa a kansu suna da tarihi. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma daga nan Fijo 404 da 504 suka cika hanyoyin Arewa. An daɗe da daina ƙera 504 a Faransa amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, shi ya sa har gobe ake ganin akori-kurarta tana jigilar buhuna a Dawanau da kasuwannin ƙauye. Toyota Hilux kuwa, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, shekarar da 504 ta fito, ita ta gaje filin. Ƙarfin motocin Toyota a cikin rairayi ya yi suna tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har ake kiransa da sunan kamfanin. Mai ƙiyasi yana bukatar wannan sanin, saboda tambayar farko da mai saye zai yi ita ce ko ana samun kayan gyaranta. Motar da za a shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a samo mata komai a yini guda, darajarta ba ta faɗuwa da sauri ko ta tsufa.

Mai ƙiyasi ba ya shiga gidan mutuwa da maganar kuɗi a baki. Zai fara da gaisuwa: "Ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta." Zai aika a gaida Hajiya a ciki. Sannan ya roƙi abu guda, wanda da ma ya faɗa tun a waya: kada kowa ya tayar da motar kafin ya iso. Inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Wanda aka riga aka ɗumama yakan rufe ƙarar da kunne ke nema da hayaƙin da ido ke jira. Don haka da ya buɗe bonet, bayan hannunsa yake fara ɗorawa a kan injin.

Daga nan sai ya zaro sandar awon baƙin mai ya murza man a yatsa. Idan ya yi kauri fiye da kima, wataƙila an zuba mai nauyi ne don a danne ƙwanƙwasar inji. Idan ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya haɗu da mai, gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Zai leƙa lagireto ya ga ko akwai maiƙo ko tsatsa. Sai ya ce a tayar, shi kuma ya koma baya ya tsaya wajen salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na shan baƙin mai, ringi sun ci. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa yana nufin ruwa na shiga inda wuta ke ci. Baƙi kuwa mai ne ya yi yawa, kuma sau da yawa gyaran kafireto ko nozul ya isa. Kowane launi da kuɗin gyaransa, kuma a zuci yake cire shi daga farashi.

Sai dai a akori-kura, inji ba shi ne babbar magana ba, domin ana iya sauke shi a ɗora ɗan Beljiyam. Abin da ba a canzawa cikin sauƙi shi ne shasi. Shi ya sa za ka ga dattijo da babbar riga ya tuɓe ta, ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota da tocila. Yana neman walda a inda bai kamata ba, da lanƙwasa, da tsatsar da ta ci ƙarfe har ya yi laushi. Yana duba sifirin baya, ko sun kwanta ko an ƙara musu ganye, domin ƙarin ganye shaida ce cewa motar ta sha lodin da ya fi ƙarfinta. Zai hau baya ya ɗaga tabarmar roba. Motar da ta yi jigilar takin zamani ko gishiri ko dabbobi, bayanta yakan ruɓe ko da gabanta na ƙyalli. Busasshiyar iskar Arewa tana yi wa ƙarfe adalci, don haka motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Maraɗi takan fi wadda ta zauna a bakin teku lafiyar ƙarƙashi, haka kuma ta fi wadda ta fito daga ƙasashen Turai inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara.

Jikin motar ma da karatunsa. Yakan bi shi da ƙwanƙwasa, wani ma da ɗan maganaɗisu a aljihu, domin maganaɗisu ba ya kamawa a inda aka cike lotsawa da ƙullu aka bi da fenti. Yana duba ratar ƙofofi ko ta daidaita, da yadda tayoyi suka ci, domin tayar da ta cinye gefe guda tana tona asirin ƙafar mota. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma gwani yana karanta su. Agogon da ke ƙirga tafiya kuwa ba ya ba shi muhimmanci a tsohuwar mota, domin ko ya mutu tuntuni ko an taɓa shi. Ya fi gaskata robar birki da ta kuloci da ƙafa ta cinye, da santsin sitiyari, da kujerar direba. Sannan ya ɗauke ta ya fita, ya sa kowace giya, ya hau gargada, ya saurari kukan aksil ɗin baya. Idan mai jan ƙafa huɗu ce, sai ya ga ta ja da idonsa.

Motar gado tana da wani ciwo nata na daban, wato zama. Sau da yawa ba a taɓa dukiya sai matan mamaci sun fita takaba, wata huɗu da kwana goma, wani lokaci kuma rashin jituwa ya ja abin shekara biyu ko uku. A tsawon wannan lokaci batir ya mutu, tayoyi sun tsattsage, fetur ya lalace a tanki, birki ya kama, ɓeraye sun ci wayoyi. Mai ƙiyasi na ƙwarai yana bambanta lalacewar zama, wadda kuɗi kaɗan ke gyarawa, da lalacewar asali. Marar tsoron Allah kuwa a nan yake cin kasuwarsa: mota ta ƙi tashi saboda batir, sai ya girgiza kai ya ce inji ya tafi.

Bayan ƙarfe sai takarda. Zai nemi takardar kwastan, da ta mallaka, da lasin da inshora, ya gwada lambar shasi da ta inji da abin da aka rubuta. Motoci da yawa sun shigo ta Kwatano suka biyo ta Nijar, kuma a farkon 2017 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Motar da ba ta da takardar kwastan ta gaskiya, mai saye ya san zai yi ta fargaba a kowane shinge, don haka tayinsa ƙasa yake yi sosai. Haka motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Akwai kuma abin da takarda ba ta nunawa, sai an tambaya: ko marigayi ya gama biyan kuɗinta, ko ta haɗin gwiwa ce da wani, ko akwai bashin bakanike a kanta. A shari'a, hidimar jana'iza da bashi da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba su ake fara fitarwa kafin magada su taɓa komai.

Idan ya gama, ba farashi ɗaya ne a kansa ba, uku ne. Akwai abin da mai bukata zai biya, wato manomi ko ɗan kasuwar da zai sa ta aiki gobe, kuma wannan ne mafi tsoka, sai dai yana son jira. Akwai abin da dillali zai biya yau da kuɗi a hannu, wanda dole ya yi ƙasa tunda zai gyara ya nemi riba. Akwai kuma abin da masu yanka mota su sayar da sassanta da 'yan gwangwan za su bayar, wanda shi ne ƙasan da ba a wucewa. Lokaci ma yana da tasiri: da kaka, sa'ad da amfanin gona ke neman hanyar kasuwa, an fi neman akori-kura. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, lissafin ya sake sauyawa ta fuska biyu. Masu saye sun koma tambayar shan mai kafin komai, sannan tsadar shigo da mota ta sa ta gida ta yi daraja, har tsohuwar Hilux kan haura kuɗin da aka saye ta a lissafin naira. Wanda ya riƙe farashin shekarun baya a kansa zai cuci magada ko bai yi niyya ba.

Nauyin sana'ar yana bayyana ne idan aka zo rabo. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, iyayensa sun riga shi, kuma motarsa ta kai naira 2,400,000. Matar tana da tumuni, 300,000. Ragowar 2,100,000 za a kasa bakwai, kowane namiji 600,000, kowace mace 300,000. To a ce babban wa ne yake son riƙe motar ya biya sauran, sai ya ja mai ƙiyasi gefe, aka ce ba ta wuce 1,600,000 ba. Nan take matar ta koma 200,000, kowace 'ya ma 200,000. An zare wa kowaccensu 100,000 ba tare da an shiga ɗakinta ba, kuma galibi su ne ba sa zuwa ƙofar gida su ga yadda aka duba motar, ba su kuma san kasuwarta ba. Maganar mai ƙiyasi a wannan wuri shaida ce a kan dukiyar marayu da zawarawa, ba cinikin kasuwa ba ne da wani zai ce albarka ya juya.

Saboda haka masu mutunci a cikinsu suna da ƙa'idojin da suke riƙewa. Wanda ya yi wa mota kuɗi ba ya sayenta, ba ya kuma turo yaronsa ya saya ta bayan fage. Ana yanke ladan ƙiyasinsa tun kafin ya duba, daban da la'adar dillanci, don kada farashi ya bi aljihunsa. Yana faɗin kuɗin a gaban wakilin kowane ɗaki da malamin da ke rabo, ya bayyana dalili: ga abin da irinta take a kasuwa, ga abin da na cire, ga hujjata. Kuma shi da kansa yake cewa a kira wani, ko wasu biyu, su ma su duba ba tare da sun ji nasa ba.

Akwai kuma wata gaskiyar mai ɗaci da yake faɗa wa magada ta ɗaya ɓangaren. Ɗa zai ce da wannan motar Baba ya gina gidan nan, da ita ya aurar da mu, ba za a ce kuɗinta ke nan ba. Dillali mai hankali ba ya musa masa. Sai ya ce: "Alhaji, duk abin da ka faɗa haka ne. Amma mai saye ba zai biya wannan ba. Idan kana ƙaunarta, ka ɗauke ta a kuɗinta na gaskiya, ka ba ƙannenka haƙƙinsu cif." Tsawwala farashi don daɗaɗa wa iyali rai shi ma cutarwa ne, domin motar za ta yi ta zama babu mai tayawa, tana ƙara lalacewa, rabo yana ƙara nisa.

Yau matasa suna buɗe Facebook da Jiji su ga farashin motoci, kuma hakan ya rage wa macuta fili. Sai dai abin da ake rubutawa a can kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba wanda aka sallama ba, kuma hoto ba ya nuna waldar da ke ƙarƙashi. Don haka bukatar gwani tana nan. Abin da ya rage ga iyalai shi ne su daina jinkirta ƙiyasi har mota ta ruɓe a ƙofar gida, su kira fiye da mutum ɗaya, su sa mata su wakilta wanda suka amince da shi, a kuma rubuta abin da aka yanke a gaban shaidu. Ƙungiyoyin dillalan mota su ma ya kamata su ware dattawan da aka san su da riƙon amana domin irin wannan aiki, su hukunta duk wanda aka kama ya karya farashin motar marayu don ya saye ta.